Edmonton da Fulorida sun sake haɗuwa: ramuwa ce ko maimaici?

Baban Sadiq (Edmonton):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Na san rabin mutanen zauren nan in ba ƙwallon ƙafa ba ba sa jin kira, amma yau ku yi mini haƙuri. Jibi Laraba, 4 ga Yuni, 2025, za a fara karon ƙarshe na Kofin Stanley, wato hoki, ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, tsakanin Oilers ɗinmu na Edmonton da Panthers na Fulorida. Su ɗin dai da suka sa mu kuka bara. Wanda ya riga cin wasa 4 cikin 7 shi ke da kofi.

Bari in tuna wa waɗanda suka manta. Bara Fulorida ta cinye wasa uku na farko, kowa ya gama yi mana sallar gawa. Sai muka tashi: 8-1, 5-3, 5-1. Aka je wasa na bakwai ranar 24 ga Yuni, suka yi mana 2-1, Sam Reinhart ne ya ci ta biyun. Ni da Sadiq muna cikin dubban da suka tsaya a dandalin da ke wajen Rogers Place, filin wasan Oilers, muna kallo a babban allo. Da aka tashi rana ma ba ta faɗi ba, don a nan watan Yuni sai wajen goma na dare ake magariba. Muka shiga jirgin ƙasa, cike maƙil, kowa sanye da riga ruwan lemo, amma ko tari ba ka ji. Wani dattijo da ke gefena, da rigar Gretzky, tsohon gwarzon Oilers, mai lamba 99, ya cire hularsa yana ta murza ta a hannu har tasharmu. Sadiq ya ja hannuna ya ce, “Baba, shi ke nan?” Na ce shi ke nan.

To bana ina cewa ba shi ke nan ba. Edmonton za ta ɗauka a wasa 6. Mai ja ya fito.

Abba Fagge:
Wa alaikumus salam. Yaya, mu da muke neman ƙanƙarar da za mu sa a zoɓo ba mu samu ba, ku kuma kun shimfiɗa ta a ƙasa kuna guje-guje a kai. Allah ya sa alheri. Amma ni tambayata ɗaya: wannan wasan da nake gani ana jefar da sanda a kama dambe, alƙalin wasa na tsaye ya harɗe hannu, shi ne?

Baban Sadiq (Edmonton):
Shi ne, Abba. Ana barin su har ɗaya ya faɗi, sannan a kai kowa akurki ya zauna minti 5. Amma a wasannin neman kofi damben yana raguwa, don ba mai son ya bar ƙungiyarsa a rana.

Kawu na Kalgari:
Baban Sadiq, na fito. Shekara 20 da ɗoriya ina Alberta, lardin da Kalgari da Edmonton suke, kuma ban taɓa ganin watan Yunin da mutanen Edmonton ba su ga kofi a mafarki ba. Rabonku da shi tun 1990, lokacin kai kana makarantar allo. Wasa 6 ka ce? Na yarda, wasa 6. Amma Fulorida.

Dalilina ba ƙiyayya ba ce, ko da yake ita ma akwai. Ku mutum biyu kuke da su, McDavid da Draisaitl. Su kuwa sahu uku na ’yan gaba gare su, kowane sahu yana iya kwana da kai. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Baban Sadiq (Edmonton):
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma wannan karatun na 2022 ne. Ka duba yadda muka zo bana. Los Angeles ta ci mu biyun farko, daga nan wasa 14 muka buga, 12 muka ci. Vegas a wasa 5, Dallas a wasa 5. Ranar da muka kori Vegas 1-0 aka tashi a ƙarin lokaci, kuma Kasperi Kapanen ne ya ci, mutumin da St. Louis ta sallama muka tsinta. Ba McDavid ba, ba Draisaitl ba. Corey Perry mai shekara 40 yana ta zura ƙwallo daga bakin raga. Evander Kane da bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar bana saboda tiyata, ya dawo. Mattias Ekholm ya dawo baya a wasan ƙarshe da Dallas. Wannan ba ƙungiyar mutum biyu ba ce kuma.

Ɗan Zazzau:
Ku dakata mana, malamai. Ni a ƙwallon ƙafa na san in kana da gwani ɗaya irin Messi, minti 90 yana fili. Me ya sa Kawu yake ƙirga sahu kamar ana sallar Idi? In McDavid ɗin nan ya fi kowa, ba sai a bar shi a ciki ba?

Ɗalibar Winnipeg:
Yaya Ɗan Zazzau, bari in amsa wannan, don ni ma shi ne ya fara ɗaure mini kai da na zo karatu. Wasan minti 60 ne, kashi uku, kowane kashi minti 20. Kowane ɓangare mutum 5 ne da gola. Amma gudun ba irin na ciyawa ba ne, ba a tafiya a huta. Ɗan wasa yakan yi kamar daƙiƙa 45 ne kawai ya fita, wani ya tsallako katanga ya maye gurbinsa, wasa kuma bai tsaya ba. Don haka ko McDavid, minti 20 da ’yan kai yake samu a cikin 60 ɗin. Sauran minti kusan 40 yana zaune a benci yana shan ruwa, yana kallon abin da sauran za su yi masa. Shi ya sa Kawu yake ƙirga sahu. Abin da ake bugawa kuma ba ƙwallo ba ce mai birgima, wani ɗan faifan baƙar roba ne mai nauyin giram 170 ko kusa, har daskarar da shi ake yi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle.

Ɗan Zazzau:
To yanzu na gane. Kamar gayyar noma ke nan, komai ƙarfin barde sai ya ajiye garma.

Maman Ilham (Toronto):
Sallama dai. Ni ban so in yi magana ba, don har yanzu ciwon bai warke ba, amma Baban Sadiq ina jiye maka abin da ya same mu. Mu ma haka muka yi ta murna. Toronto ta ci Fulorida wasa biyun farko, a na uku ma muna gaba. Sai wannan tsohon, Brad Marchand, ya ci a ƙarin lokaci, daga nan komai ya kwance. Wasa na bakwai a gidanmu suka yi mana 6-1, mutane suna jefa rigunansu cikin fili don takaici. Maigidan nan kashe talabijin ya yi ya ce a zuba masa tuwo, bai ƙara cewa uffan ba sai da safe.

Abin da nake so ka lura da shi: mutanen nan ba sa tsoron gidan kowa. Wasa 10 suka buga a waje bana, 8 suka ci. Don haka wannan murnar da kuke yi wai a Edmonton za a fara, ku rage ta.

Baban Sadiq (Edmonton):
Maman Ilham, Allah ya ba ku haƙuri, tun 1967 kuke jira, ku ne malamanmu a wannan fanni. Amma fara wasa a gida a hoki ba maganar ihun ’yan kallo kaɗai ba ce. Akwai doka: duk lokacin da aka tsayar da wasa, baƙo ne ke fara tura mutanensa fili, sannan mai gida ya duba ya tura nasa. Wato a Edmonton kocinmu Knoblauch zai ga ko Barkov, kyaftin ɗin Fulorida, yana ciki, in yana ciki ya riƙe McDavid, in ya fita ya sake shi. Bara Fulorida ce ke da wannan dama a wasa na 1, na 2, na 5 da na 7. Bana namu ne, don mun gama kaka da maki 101, su 98. In da a ce wasa na bakwai na bara a nan aka yi shi, da wani labarin ake yi.

Ɗalibar Winnipeg:
Nan kam Yaya yana da gaskiya, kuma a ganina nan ne cibiyar karon gaba ɗaya. Aleksander Barkov, kyaftin ɗinsu ɗan Finlan, aikinsa shi ne ya zama inuwar gwanin abokan hamayya. Ba ya hayaniya, ba ya dambe, sandarsa ce kawai kullum take inda kake son wucewa. A bayansa kuma ga Gustav Forsling. Bara McDavid ya samu maki 4 a wasa na huɗu (cin ƙwallo ko miƙa wadda aka ci, kowanne maki ɗaya ne), ya ƙara 4 a na biyar, amma a na shida da na bakwai ko ɗaya bai samu ba. Draisaitl kuwa duk wasa bakwai ɗin bai ci ƙwallo ko ɗaya ba. Bana shi ne ya fi kowa ci a kaka, 52, kuma da alama lafiyarsa lau. In Barkov ya bi McDavid, wa zai bi Draisaitl? Wannan ce tambayar da Paul Maurice, kocin Fulorida, zai kwana da ita.

Kawu na Kalgari:
’Yata, kin yi karatu, Allah ya yi albarka. Amma juya tambayar. In sun raba su biyun, wa zai tsaya wa McDavid a bakin raga? Zach Hyman ne ke wannan aikin, ƙwallo 16 ya ci a wasannin kofi na bara, bana kuma ya fi kowa bangazar mutane. Ya ji rauni a wuyan hannu a wasa na huɗu da Dallas, an yi masa aiki, ba zai buga ba. Baban Sadiq ya jero mana sunayen waɗanda suka dawo, ya tsallake wanda ya tafi. Irin lissafin ɗan kasuwar da ke ƙirga ciniki ba ya ƙirga bashi.

Baban Sadiq (Edmonton):
Ban ɓoye ba, Kawu, zuwa nake. Rashin Hyman rashi ne, ba na musu.

Kawu na Kalgari:
To ga na biyu, tunda kana zuwa. Gola. Ka gaya wa jama'a gaskiya game da Stuart Skinner. Wasa biyu ya yi da Los Angeles aka zura masa har aka zaunar da shi. Calvin Pickard ya karɓa ya ci wasa 6 a jere, ba don ya ji ciwo ba da har yau Skinner yana benci. A ɗaya gefen kuma Sergei Bobrovsky ne, wanda sau biyu ana ba shi kyautar golan da ya fi kowa, 2013 da 2017. Ka manta wasan farko na bara? Kun yi masa hari 32, ko ɗaya bai wuce ba, aka tashi 3-0. Kun fi su wasa, sun fi ku gola.

Baban Sadiq (Edmonton):
Shi Bobrovsky ɗin ne kuma aka cire a wasa na huɗu bayan mun zura masa 5. Skinner kuwa tun da ya dawo wasa uku ya yi ba a ci shi ko ɗaya ba, biyu da Vegas, ɗaya da Dallas. Ɗan garin nan ne, a nan aka haife shi, nauyin da ke kansa ba kowa zai iya ɗauka ba. Amma zan faɗi gaskiya tunda Kawu ya matsa: duk lokacin da aka harbo daga nesa, sai na ji cikina ya juya. Yaron in ya tashi da ƙafar dama bango ne, in ya tashi da ta hagu ƙofa ce ba ƙyaure. Ba ka sanin wanne za ka samu sai an fara.

Abba Fagge:
Wallahi wannan bayanin na san shi. Mu magoya bayan Arsenal mun yi zama da irin golan nan shekara da shekaru.

Ɗan Maraɗi (Montreal):
Salamu alaikum ’yan uwa. Ni nan Montreal nike, kuma ina tuna muku mu ne na ƙarshe da suka kawo kofin ga Kanada, 1993, na 24 ke nan a tarihinmu. Shekara 32 ƙasar da ta ƙirƙiro wasan tana kallon kofinta yana yawo a garuruwan da ko sanyi ba su sani ba. Tampa, Vegas, yanzu Fulorida. Bana kuma da maganganun da Trump yake yi na mai da Kanada jiha ta 51, abin ya wuce wasa. A watan Fabrairu da ƙungiyar ƙasar Amurka ta zo nan karawa da Kanada, ihu aka yi wa takensu, aka yi dambe uku cikin daƙiƙa 9 na farko. Kawu, ko don wannan ba ka goyon Edmonton na sati biyu?

Kawu na Kalgari:
Ɗan Maraɗi, ko na minti biyu. Ka je Kano ka ce wa ɗan Pillars ya goyi bayan maƙwabcinsa don kishin Arewa, ka ji amsar da zai ba ka. A 2004 da Flames ɗinmu suka je wasa na bakwai da Tampa, ina mutanen Edmonton suke? Kuma tunda ana maganar kishi, kyaftin ɗinmu na lokacin, Jarome Iginla, mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Ƙwallo 625 ya ci a rayuwarsa. A Edmonton aka haife shi, amma a Kalgari ya zama mutum.

Ɗan Zazzau:
Af, ashe akwai namu a ciki.

Ɗalibar Winnipeg:
Har da na garinku, Yaya. Rumun Ndur a Zariya aka haife shi a 1975, shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga NHL, wato gasar nan da ake neman Kofin Stanley a cikinta. Ɗan baya ne, ya yi Buffalo, ya yi Rangers ta New York, ya yi Atlanta. Akim Aliu kuma a Okene aka haife shi.

Ɗan Zazzau:
Shi ke nan, daga yau ba mai yi mini gorin ƙanƙara. Abba, ka ji dai, Zazzau ta riga Kano.

Abba Fagge:
Mun ji. Ku riƙe ƙanƙara, mu mu riƙe kasuwa.

Maman Ilham (Toronto):
Ku dawo kan magana. Abin da ba ku taɓo ba shi ne mugunta. Fulorida ba wasa kawai take yi ba, cin zali take yi da tsari. Sukan wurga faifan can ƙuryar gidanku, su biyo shi da gudu, duk ɗan bayan da ya je ɗauka a haɗa shi da katanga. Wasa na farko ba ka ji, na biyu ba ka ji, zuwa na biyar ɗan bayanku ya fara waige kafin ya taɓa faifai, daga nan kuskure ya fara. Ga Sam Bennett, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a wasannin kofin bana, 10, kullum yana “faɗawa” kan gola kamar bisa tsautsayi. Golanmu Stolarz gwiwar hannunsa ya sha a ka a wasan farko, bai ƙara tsare mana raga ba har aka kore mu, kuma ko akurki ba a kai Bennett ba. Ga Matthew Tkachuk da bakinsa ba ya rufuwa. Sannan suka je Boston suka ɗauko Marchand a watan Maris, mutumin da a 2018 sai da hukumar gasar ta ja masa kunne ya daina lasar fuskar abokan hamayya.

Abba Fagge:
Lasa? Da harshe? Hajiya, ki ji tsoron Allah.

Maman Ilham (Toronto):
Da harshe, Abba. Ɓera ake ce masa, kuma ya faɗa gidan ɓeraye, don magoya bayan Fulorida ɓerayen roba suke jefowa fili in sun ci wasa. Tun 1995 abin ya samo asali, wani ɗan wasansu, Scott Mellanby, ya kashe ɓera da sandarsa a ɗakin sauya kaya, ya fita ya ci ƙwallo biyu da ita. Yanzu in an tashi, abokan wasan Marchand shi suke harbi da ɓerayen. Shekararsa 37. Sau biyar yana haɗuwa da Toronto a wasa na bakwai, sau biyar yana cin mu. Ba na ƙaunar mutumin nan ko kaɗan, amma a sahu na uku yake, tare da Lundell da Luostarinen. Ku tsaya ku yi tunani: mutum irin wannan a sahu na uku.

Baban Sadiq (Edmonton):
To ai nan ne nake ganin za mu kama su. Mai cin zali yana yawan shiga akurki, in ya shiga kuma minti 2 ke nan muna 5 suna 4. Babu wata ƙungiya a duniya da ake tsoro a wannan hali kamar mu: McDavid yana zagaye, Bouchard yana harbi daga baya, Draisaitl yana laɓe a gefen dama yana jiran a miƙo masa. A kakar 2022-23 kashi 32.4 cikin 100 na irin damar nan muka ci, ba a taɓa yin haka ba a tarihin gasar. Su taɓa mu, mu hukunta su.

Ɗalibar Winnipeg:
In alƙalai sun busa, Yaya. Kowa ya san a watan Yuni usur yakan shige aljihu. Kuma wuƙar kaifi biyu gare ta: Kane da Perry da Nurse ba waliyyai ba ne, in Tkachuk ya tsokane su suka rama, su za a kai akurki. Ka tuna wasan farko da Dallas, kuna gaba 3-1 aka shiga kashi na uku, kuka yi ta shiga akurki, aka tashi 6-3. Aikin Fulorida ke nan, su sa ka fushi.

Ga kuma abin da ni ya fi tsaya mini. Sun rasa Brandon Montour bayan kofin bara, kowa ya ce bayansu ya yi rauni, sai suka ɗauko Seth Jones daga Chicago. Akwai iyakar kuɗin albashi da aka gindaya wa kowace ƙungiya, dala miliyan 88 bana, ba kamar Turai ba inda mai kuɗi ke saye kasuwa. Duk da haka karo na uku ke nan a jere suna zuwa ƙarshe: 2023 Vegas ta doke su, 2024 suka ɗauka, ga 2025. Shi Maurice a nan Winnipeg ya ajiye aiki da kansa a ƙarshen 2021, mutane suka ce ya ƙare. Mu kuma da muka fi kowa maki a kakar bana, Dallas ta kore mu a zagaye na biyu. Maki na kaka ba ya sayen komai a nan.

Baban Sadiq (Edmonton):
To ku saurari tarihi, don shi ne babbar hujjata. A 1983 Gretzky ya je karon ƙarshe na farko, Islanders ta New York ta share shi 4-0. Shekara ta zagayo, 1984, suka sake haɗuwa, ya ɗauki kofi. A 2008 Sidney Crosby, gwanin Pittsburgh, ya sha kashi a hannun Detroit, 2009 suka sake haɗuwa, ya ɗauka. Yanzu ga McDavid, shekara 28, an doke shi bara, ga su nan an sake haɗuwa. Bara ya tara maki 42, ya karya tarihin Gretzky na yawan miƙa ƙwallon da aka ci, 34, har aka ba shi kyautar gwarzon gasa alhali ƙungiyarsa ce ta faɗi. Ko fitowa karɓa bai yi ba, ya zauna cikin ’yan uwansa a ɗaki. A Fabrairu shi ya ci wa Kanada ƙwallon da ta doke Amurka a Boston. Mutumin da aka yi wa irin wannan ƙunar ba a tare shi sau biyu.

Kawu na Kalgari:
Tarihi ba ya sa takalmi ya shiga fili, ɗana. Islanders ɗin da Gretzky ya kayar sun riga sun ɗauki kofi huɗu a jere, duk sun tsufa, jikinsu ya gama mutuwa. Waɗannan kuwa yanzu suke ganiyarsu. In kana son tarihi ga wani: Corey Perry da kake yabo, wannan ne zuwansa ƙarshe na biyar cikin shekara shida. Dallas 2020, Montreal 2021, Tampa 2022, ku bara. Duka huɗun faɗuwa ya yi. Ni in ina tafiya na gan shi a mota, sauka zan yi.

Ɗan Maraɗi (Montreal):
Kawu, wannan camfi ne fa. Ai ya ɗauka da Anaheim a 2007.

Kawu na Kalgari:
Camfi? Su waye suka fi ’yan hoki camfi? Ba sa aske gemu har sai an kore su. Ƙaramin kofin da ake ba wanda ya ci yankinsa ma tsoron taɓa shi suke yi. Barkov ya taɓa a 2023 ya faɗi, ya ƙi taɓawa a 2024 ya ci, bana ma bai taɓa ba. McDavid bara bai taɓa ba ya faɗi, bana ya kama shi hannu bibbiyu. Wanda ya fara sauya laya ai ya san akwai abin da yake tsoro.

Ɗan Zazzau:
Ni dai kun sa ina son gani. Ƙarfe nawa ne a wajenmu?

Ɗalibar Winnipeg:
6 na yamma a Edmonton, wato 1 na dare agogon Najeriya da Nijar, daren Laraba wayewar Alhamis. Amma ka sani, in aka tashi kunnen doki ba bugun fanareti. Ana ƙara minti 20, a ƙara wani 20, har sai wani ya ci, kuma ƙwallon farko ita ce ta ƙarshe. Kana iya kaiwa asuba.

Ɗan Zazzau:
Alhamis ai ranar Arfa ce. Da ma zan tashi sahur, sai in haɗa biyu, in dai an bar mana wuta.

Baban Sadiq (Edmonton):
Wasa na biyu kuma ranar Juma'a, ranar Sallah cif. Mu za mu yi Idi da safe, mu je gona wajen gari a yanka rago, mu dawo kafin 6. Uwargida ta riga ta kafa doka: ba mai kunna talabijin sai an gama suya. Sadiq kuwa ya ce rigar McDavid zai sa a kan shaddarsa. Yaron da nake tashi 5 na asuba cikin sanyin Janairu in kai shi atisaye, in ɗaure masa takalmi yatsuna suna ƙagewa, jakar kayansa kuma in ka buɗe ta a mota sai ka sauke gilashi ko da dusar ƙanƙara ake yi. Ni sau ɗaya na gwada hawa, na yi zaman dirshan a gaban yara ’yan shekara biyar, wata ’yar ƙarama ta turo mini kujerar koyo. Tun ranar na san matsayina, wajen katanga.

Juma'ar da za ta yi kyau dai daga Laraba ake gane ta. In muka ci Laraba, Kawu, zan kira ka.

Kawu na Kalgari:
Kira ni. Bara ma Fulorida ta ci uku na farko ta kusa zubar da su, don haka Laraba ba ta gaya wa kowa komai. Na tsaya a kan Fulorida a wasa 6, Bennett ko Bobrovsky gwarzo.

Maman Ilham (Toronto):
Zuciyata Edmonton, idona Fulorida a 7.

Ɗalibar Winnipeg:
Ni sai na ga Skinner na minti 20 na farko. In ya tare biyar na farko ba tare da faifai yana tsalle daga jikinsa ba, Edmonton a 7. In ba haka ba, Pickard zai shigo kafin a koma Fulorida, kuma ina tare da Kawu.

Ɗan Maraɗi (Montreal):
Edmonton, don kofin ya tsallako iyaka kawai. Daga baya mu karɓe shi a hannunsu.

Abba Fagge:
Ni ina bayan mai lasar nan. Duk wanda ya kai shekara 37 ana harbinsa da ɓera yana dariya, ba ƙaramin tantiri ba ne. Yaya Baban Sadiq, a sa wani abu mana, cinyar rago ko kilishi.

Baban Sadiq (Edmonton):
Caca a makon Sallah, Abba? A'a. Amma kyauta ba laifi. Kawu, tsakaninmu tafiyar awa uku ce. Wasa na biyar, in an kai can, Asabar ne 14 ga wata a nan Edmonton. Ka taho da Gwaggo, akwai ɗaki, zan ajiye maka soyayyen nama. Sharaɗi ɗaya, kada ka shigo unguwar nan da jar rigar Flames, maƙwabtana sun san motata.

Kawu na Kalgari:
Zan zo, in Allah ya kai mu. Rigar kuma a ƙarƙashin babbar riga za ta zo. A ajiye mini haƙarƙari, ban da hanta, likita ya hana.